Kwalba ko dayod: abin da na tarar a bayan wata tsohuwar ogan

Ƙauri ne ya fara tarbata. Tun ban durƙusa a bayan ogan ɗin ba, wato kayan kiɗan nan mai maɓallai kamar fiyano da ake kaɗawa a coci, hancina ya gaya mini akwai abin da ya daɗe yana dahuwa a ciki. Ƙanshin tsohon katako da man injin Hammond, wannan duk mai gyara ya san shi, har kewarsa ake yi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai ɗaci-ɗaci, irin na kwandensa, 'yar ma'ajiyar wutar lantarki, da ta sha wutar da ta fi ƙarfinta. Ranar Asabar ce, cikin hunturun Fabrairu, a wani ɗan ƙaramin coci da ke kudancin Shikago, inda ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki sai daren Lahadi. Da safar hannu na fara aikin.

Wadda ta kira ni tsohuwa ce, ta ba saba'in baya, ita ke kaɗa musu ogan tun tana budurwa. A cocinsu Uwa suke ce wa mata irinta, ni kuwa Mama nake kiranta, ta kuma karɓa. Ta san ni Musulmi ne, don haka ba ta taɓa sa mini aiki ranar Juma'a da rana ba, in kuma azahar ta riske ni a can, ita da kanta take nuna mini ɗakin ajiyar kujeru in shimfiɗa darduma. Ƙorafinta guda biyu: lasifikokin da ke jikin ogan ɗin sun fara ƙugi, sannan in ta daɗe tana kiɗa bayan akwatin yakan yi zafin da ba ta saba ji ba. Jikanta kuma, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, mai kaɗa jita, ya zo da tasa buƙatar daban. Zan zo kanta.

Kayan da ke wurin Hammond A-100 ce, irin wadda aka ƙera tsakanin 1959 da 1965, da akwatin Leslie 147 a gefenta. A-100 da shahararriyar B-3 uwa ɗaya uba ɗaya suke: injin haifar da sauti iri ɗaya, faya-fayan ƙarfe 91 suna juyawa a gaban maganaɗisu, sai dai ita A-100 an saka mata amfilifaya da lasifikoki a cikin jikinta don a ajiye ta a falo. Leslie kuwa shi ne akwatin nan mai ƙaho yana juyawa a sama, ganga tana juyawa a ƙasa, wanda Donald Leslie ya fara sayarwa a 1941. Shi Laurens Hammond, mai kamfanin ogan ɗin, bai taɓa ƙaunar wannan akwati ba, amma makaɗa suka yi kunnen uwar shegu da shi suka ci gaba da haɗa su. Sai a 1980 kamfanin Hammond ya sayi na Leslie, bayan mai ƙiyayyar ya rasu.

Ni ba makaɗi ba ne. Gyaran rediyo da talabijin na koya a Tudun Wadan Zariya, a shagon wani dattijo da har yau Baba nake ce masa. Lokacin da na shiga hannunsa zamanin kwalba, wato ƙwan gilashin nan mai lagwani a ciki da ke sarrafa wuta a tsoffin rediyo, ya riga ya wuce, amma akan kawo masa tsoffin rediyon Philips da Grundig masu koren ido, na mutanen da suka gada daga iyayensu ba sa son rabuwa da su. Bawul yake kiran kwalaben. A wurinsa na fara ganin lagwanin ciki yana yin ja a hankali, a wurinsa kuma na fara shaƙar warin rektifayar seleniyam idan ta ƙone, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da ke korar kowa daga shago. Ban taɓa zaton wannan ilimi zai ciyar da ni a Amurka ba. Ga shi yanzu duk ƙarshen mako ina bayan wata ogan.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, bari in faɗi abin da rektifaya take yi, don duk rigimar a kanta take: kwalba ya kamata ta yi wannan aiki ko dayod. Wutar da ke fitowa daga bango safa da marwa take yi, gaba da baya, sau 60 a daƙiƙa a nan Amurka, sau 50 a Najeriya. Kwalaben da ke ƙara ƙarfin sauti kuwa ba sa cin irin wannan wuta, sai mai tafiya gaba ɗaya, kuma mai ƙarfi, bolt 300 ko 400. Taransifoma ce ke ɗaga wutar, rektifaya kuma ta tsaya a ƙofa, mai shiga ya shiga, mai son komawa ta hana shi. Abin da ya wuce ta yana zuwa ne guga-guga, sai a zuba a kwandensa, wadda take kamar randa: ana zuba mata da guga, ana ɗiba da moɗa a hankali, ruwan bai yankewa.

Tun daga 1904 da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro kwalba mai wannan aiki, kwalba ce mai tsaron ƙofar har wajen ƙarshen shekarun 1950, lokacin da dayod ɗin silikon ya yi araha. Bambancinsu a wurina bambancin dillalai biyu ne. Kwalba dillaliya ce mai cin la'ada da yawa. 5U4GB, wadda ita ce a amfilifayar A-100, takan riƙe wajen bolt 50 idan ana jan miliamfiya 275 ta cikinta, kuma la'adar tata ba tsayayya ba ce, gwargwadon yadda aka ja wuta gwargwadon abin da za ta cire. Ga kuma abincinta: lagwaninta kaɗai yana shan bolt 5 a kan amfiya 3, wato wat 15 da ke tafiya a zafi kawai. GZ34 ta fi ta sauƙin kai, wajen bolt 17 take cirewa. Dayod irin 1N4007 kuwa, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai jure bolt 1000, la'adarsa ba ta wuce bolt 1, ba ya buƙatar ɗumi, ba ya gajiya, kuɗin kwalba ɗaya zai saya maka cikin aljihu.

To da na cire murfin bayan ogan ɗin na haska tocila, sai na ga gurbin 5U4 ba kwalba a ciki. Wani ɗan baƙin abu ne a zaune, gajere kamar murfin kwalbar magani, mai ƙafafu irin na kwalbar. Dayod ne guda biyu aka rufe a roba, ana sayar da shi da cewa zare kwalba kawai za ka yi ka cusa shi, ka huta har abada. Mama ta ce wani mai gyara ne ya sa mata shekaru uku da suka wuce, ya ce mata kwalba ta zama tsohon yayi. Ban san shi ba, ba kuma zan zage shi ba, ni ma na taɓa yin irin wannan ganganci a farkon zuwana. Laifinsa ɗaya: bai auna ba bayan ya sa.

Na kunna. Hammond ba a kunna ta kamar rediyo, sai ka riƙe makunnin farko na wajen daƙiƙa 8 injin ya ɗauki gudu, sannan ka ɗaga na biyun. Idona na kan mita. Kafin kwalaben 6BQ5 guda biyu su ɗumama su fara jan wuta, allurar ta yi sama ta wuce abin da aka rubuta a jikin gwangwanin kwandensa, ta tsaya can na wasu daƙiƙoƙi, sannan ta sauko. Inda ta zauna ma ya ɗara abin da ke kan taswirar kamfani da wajen bolt 40. Na kashe fitilar ɗakin na leƙa: filet ɗin ɗaya daga cikin kwalaben, wato farantin ƙarfen da ke cikinta, ya yi wani ja-ja a gefe, kamar garwashin da aka hura. 6BQ5, wadda Turai ke kira EL84, a takardarta bolt 300 da wat 12 aka yanka mata. Wannan ta shekara uku tana ɗaukar kayan da ya fi nata, duk Lahadi, awa huɗu.

Ƙarin ba daga dayod kaɗai ya zo ba, abin da mutane ke mantawa ke nan. An tsara waɗannan kaya ne lokacin da wutar gida a Amurka take bolt 117, haka aka buga a jikinsu. Yau ka sa mita a bango za ka ga 120 zuwa 125. A cocin nan 124 na gani. Kashi 6 cikin ɗari ke nan, kuma taransifoma ba ta da tausayi, yadda aka ƙara mata haka za ta ninka ta miƙa gaba. Inda ake sa ran 300 sai ka ga 318 tun ba a taɓa komai ba. Ka zo ka cire dillaliyar da ke rage nata kason, ka kuma sauke wa taransifoma nauyin wat 15 na lagwani, wanda shi ma yakan sa sauran wayoyinta su ɗan ɗaga. Kowane ƙari shi kaɗai ƙarami ne. Kwandensa mai shekara 60 ce ke haɗa lissafin.

Ana yawan cewa amfanin kwalba shi ne tana kawo wuta a hankali, ta jira sauran kwalabe su ɗumama. Gaskiya ne ga GZ34, don ita ɗuminta na ɗaukar lokaci. Ga 5U4 da 5Y3 kuwa rabin gaskiya ne: lagwaninsu shi ne da kansa ke fitar da wutar, cikin daƙiƙa biyu ko uku sun fara aiki, sauran kwalabe suna barci. Don haka ko da kwalba akwai wannan tashin na farko, sai dai bai kai na dayod kaifi da tsawo ba. Lissafin mai sauƙi ne: in babu mai jan wuta, randa takan cika har bakinta, wato abin da taransifoma ta bayar sau 1.4. Taransifoma mai ba da 350 za ta kai kwandensa kusan 495. In a jikinta 450 aka rubuta, kullum aka kunna sai ta sha mari.

Ina cikin wannan ne jikan ya matso. Yaro mai ladabi, ya riƙe mini tocila tun ɗazu. Ya ce shi a ganinsa matsalar ta fi haka: Leslie ɗin ma dayod ne a cikinsa, shi ya sa sautinsa ya bushe. Yana so in cire in sa masa kwalba, a samu taushin nan da ɗumi irin na da. Har ya tara kuɗin.

Na gane inda ya samo maganar, kuma a duniyarsa ta jita ba ƙarya ba ce. Mai jita idan ya daki tsirkiya, sautin yakan fito da ƙarfi farat ɗaya sannan ya mutu a hankali. A amfilifaya irin tsohuwar Fender Deluxe ta shekarun 1950 mai 5Y3, wannan dukan na farko yana sa a ja wuta da yawa, dillaliya ta ƙara la'ada, wutar ta lotsa na ɗan lokaci, sannan ta farfaɗo yayin da sautin ke mutuwa. Sai kan sautin ya yi laushi, jelarsa ta yi tsawo. Masu jita suna jin abin a yatsunsu, suna biyan kuɗi dominsa. Har akwai kamfanin Mesa da ya fito da amfilifaya a farkon shekarun 1990 mai makunni a baya, ka zaɓi kwalba ko dayod.

Amma ogan ba jita ba ce. In ka danna maɓalli sauti ya fito, yana nan yadda yake har sai ka ɗaga yatsa, ko minti nawa ne. Babu duka da mutuwa. Ga kuma fedar ƙafa, wadda mafi ƙasƙancinta ke girgiza wajen sau 33 a daƙiƙa, tana tura lasifika mai inci 15. Wannan ba taushi yake nema ba, randa cikakkiya yake nema da mai zuba mata ba ƙaƙƙautawa. In wuta ta lotsa a nan, abin da za ka ji shi ne ƙasan sautin ya kwaɓe, ya ja na saman ya shiga da shi.

Sannan akwai yadda aka gina amfilifayar Leslie ɗin kanta. Na ce masa ya matso ya ga. Na juya ta, na ɗora tsinken mita a kan wata ƙatuwar rizista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 150, da ke ƙarƙashin kwalaben 6550 guda biyu. Mita ta nuna kusan bolt 25. Na ce ya raba 25 da 150 a wayarsa. Ya ce 0.167. Na ce to, miliamfiya 167 ke nan kwalaben nan suke sha yanzu da babu wanda ya taɓa maɓalli ko ɗaya. Suna zaune ne a cike da wuta tun asali, shi ya sa ba ka iya taɓa su. Na roƙi Mama ta danna mana da ƙarfi, hannu biyu da ƙafa. Tagogin cocin suka ɗauki rawa, allurar kuwa ɗan motsi ta yi kawai. Lotsawa tana faruwa ne idan jan wuta ya yi tsalle daga kaɗan zuwa da yawa, kamar yadda yake yi a manyan amfilifayoyin jita. Inda jan wutar kusan ɗaya ne ko ana kiɗa ko ba a yi, la'adar dillaliya ita ma kusan ɗaya ce. Abin da kwalba za ta yi a nan bai wuce ta rage bolt 30 ko 40 ta zauna ba.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da na ce masa dayod ɗin nan ba wani ne ya sa daga baya ba. Haka 147 ya fito daga masana'antar Pasadena, shi da ɗan'uwansa 122, tun shekarun 1960. Tsoffin Leslie na 1940 da 1950 su ne masu rektifayar kwalba. Wato sautin da yake ji a faya-fayan ƙarshen 1960 da na 1970, wanda yake kira mai ɗumi, mafi yawansa ta cikin dayod ya biyo. Babu ma gurbin kwalbar a jikin farantin ƙarfen. In zan sa, sai na huda ƙarfe, na nemo wata taransifoma mai ba da bolt 5, na ƙara wat 15 na zafi a cikin akwatin katako da ke rufe. Kwalbar da ke haske shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda a gefe, OC3, wadda ya ɗauka ita ce rektifaya, aikinta daban: bolt 105 take ragewa kafin wuta ta isa ragar waya da ke cikin kwalaben 6550.

Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Ni ma a shekarunsa lissafi bai taɓa kayar da abin da na riga na ƙudurta ba. Sai na ce mu gwada. Bolt 50 a kan miliamfiya 275 daidai yake da rizista mai om 180 ko kusa da haka, don haka rizista tana iya kwaikwayon mafi yawan halin 5U4. Ina da mai om 200, wat 25, a jakata. Na kashe komai, na sauke wutar kwandensa, na jona ta a hanyar wutar da makunni a gefenta, yadda zan iya shigar da ita ko in tsallake ta. Na sa shi ya juya baya yana fuskantar ƙofa, kakarsa tana kiɗa, ni ina sauyawa ba tare da na faɗa ba. Sau goma muka yi. A kiɗa mai matsakaicin ƙarfi cankarsa ba ta fi ta mai jefa kwabo ba, har sau biyu ya rantse ya ji ɗumin alhali ban taɓa makunnin ba. Da Mama ta taka feda har ƙasa kuwa ya gane, ni ma na ji: da rizista sautin yana fara tsagewa da wuri, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Bambanci akwai shi, ba zan ce babu ba. Amma na ƙarancin wuta ne, wanda rizistar dala biyu ta kawo. Mama ta ce ita wancan marar rizista take so, mai cika ɗaki, don in mawaƙa talatin suka ɗaga murya ba ta son ogan ta shaƙe.

Bushewar da yaron ke ji kuwa gaskiya ce, kunnensa bai yi ƙarya ba, inda ya ɗora laifin ne ba daidai ba. Kwandensojin da ke raba sauti tsakanin ƙaho da ganga, a kan girgiza 800 a daƙiƙa, sun tsufa sun kauce daga ƙimarsu. Ɗaya daga cikin 6550 ɗin ta gaji, 'yar'uwarta ce ke ɗauke da ita. Bel ɗin ganga ya saki, ga ƙura ta toshe ƙyallen da ke jikinta. Waɗannan ba su da daɗin faɗa a gaban abokai kamar a ce an sa rektifayar kwalba, amma su ne ciwon.

Da dare na kira Baba a WhatsApp, lokacin su can asuba ta kusa, na san ya tashi. Idonsa ya yi rauni yanzu, ya bar shagon a hannun ƙanena na sana'a, amma kansa garau. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, “Kai yaro, shi wanda ya sa dayod ɗin, ya rage wutar kuwa?”

Na ce, “Bai rage ba, Baba.”

“To ai ba dayod ne ya yi ɓarna ba. Mu ma mun sa su a rediyon mutane da bawul ya yi wuyar samu. Amma da rizista muke haɗawa, mu auna, mu bar shi a kunne tun hantsi har la'asar muna taɓa taransifoma. Kai dai ka mayar mata da abinta tunda ana samu.”

Ya tambaye ni ko irin wannan ogan za ta yi aiki a gida in an kawo. Na ce za ta kunnu in an sauke mata wuta, amma injinta da bugun wutar gari yake tafiya, wadda aka yi wa 60 in ta sha 50 duk sautinta zai sauka ƙasa wajen mataki ɗaya da rabi na ma'aunin kiɗa, ba mawaƙin da zai bi ta. Sai dai a samo waɗanda aka ƙera don Turai. Ya ce Allah ya kyauta, da wutar NEPA ma wace ogan.

Matsayina ke nan a wannan gardama, kuma na san masu kaifin ra'ayi na ɓangarorin biyu ba za su so shi ba. Amfilifayar da aka haifa da kwalba, a bar mata kwalbarta. Ba don wani sirrin sauti ba, sai don wanda ya zana ta ya riga ya sa la'adar dillaliyar a lissafinsa: ƙarfin taransifoma, ƙimar kwandensa, zafin da kwalaben fitarwa za su ɗauka, duk a kan haka aka yanka su. Wadda kuma aka haifa da dayod a bar mata dayod. In dole ta sa a sauya, misali wayar bolt 5 ta taransifoma ta mutu ko kwalbar ta gagara samu, dayod halal ne, amma da sharaɗi: rizista mai ɗaukar zafi a bayansa, sababbin kwandensoji masu jure tashin farko, da ɗan abin nan mai rage ƙarfin shigar wuta lokacin kunnawa. Kuma samun kwalba ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne. Masana'antun da suka rage ba su da yawa, akwai ta Saratob a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai na Sin. A 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi, farashi ya yi tashin gwauron zabo a 'yan makonni. Sa'ar da aka yi, 5U4 Amurka ta ƙera ta da ɗimbin yawa saboda talabijin, tsoffin da ba a taɓa amfani da su ba har yanzu suna yawo a cikin kwalayensu.

Kwalba ma tana da nata sharrin, kada a ce na fifita ta. Ba ta son randa mai girma: 5U4 an fi so kada kwandensar farko ta wuce mikrofarad 40, in ka cika mata sai ta yi tartsatsi a ciki. Masu son kashe ƙugi ta hanyar ninka kwandensa su kiyaye. Yawanci a hankali take mutuwa, sauti ya yi ta raguwa har mai shi ya saba bai lura ba, amma wani lokaci takan haɗe farat ɗaya ta tafi da taransifoma. Shi ma dayod in zai mutu haɗewa yake yi. Shi ya sa na ɗauki wata dabara da na gani wurin tsoffin masu gyaran nan: a sa 1N4007 ɗaya a gaban kowane filet na kwalbar. La'adarta tana nan, halinta yana nan, amma in ta haɗe akwai mai tare wutar.

Haka na yi wa ta Mama a Asabar ta gaba. Na zare baƙin abin, na sa 5U4GB ta RCA da na daɗe ina ajiye da ita, da dayod biyu a ƙarƙashin gurbin inda ba mai gani. Na canza gwangwanin kwandensa, wanda da na ciro shi na ga gindinsa ya kumbura ya fitar da wani farin gari. Na sa sababbin 6BQ5 guda biyu da aka auna suka yi daidai da juna. Babu fis a hanyar wutar amfilifayar, na ƙara. Kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila na yi ta, a jere da wayar wuta, yadda Baba ya koya mini: in ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya, in ya tsaya da haske, kashe maza. Ya dushe. Hannuna ɗaya yana aljihu duk tsawon awon, don bolt 400 ba ya tambayar shekarunka nawa a sana'a, kuma kwandensa takan riƙe shi bayan an zare waya.

Leslie ɗin kuwa dayod ɗinsa na asali na cire na sa sababbi, don na wancan zamanin ba su kai na yanzu juriya ba, na gyara mai raba sauti, na sa 6550 biyu, na ɗaure bel. Saboda bolt 124 ɗin bango na haɗa musu 'yar taransifoma a akwati mai rage wajen bolt 6, ogan da Leslie duka suna sha daga nan. Kuɗin da jikan ya tara ya isa har da canji. Ya nemi in ba shi baƙin abin da na cire, wai zai gwada a amfilifayar jitarsa. Na ba shi, na kuma ara masa tsohuwar mitata, na nuna masa inda zai ɗora tsinke da inda ba zai kai hannu ba.

Kafin in mayar da murfin na yanki farin tef na manna a cikin akwatin, na rubuta kwanan wata, wutar bango, wutar da ke kan kwandensar farko, da bolt ɗin da ke kan rizistar kowace amfilifaya. Mama ta leƙo ta tambayi ko na mene ne. Na ce na wanda zai buɗe bayana ne. Ta ce in ƙara da ranar da za a zuba wa injin mai, don ita mantawa take yi, sau ɗaya ne a shekara. Na rubuta Afrilu.